Neman shawara: ina ya dace mai fansho ya guje wa sanyin Ingila?

Dattijo daga Birmingham ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na yi ritaya bara bayan shekaru masu yawa ina aiki a Ingila, kuma yanzu da ba ni da ofishin da zan yi sammako dominsa, ban ga dalilin da zai sa ni da uwargida mu ci gaba da zaman nan daga Disamba zuwa Maris ba, lokacin da rana kan faɗi tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, gwiwoyina kuma su ƙi lanƙwasuwa ko a sallah. Maƙwabtana Turawa da suka riga ni ajiye aiki sukan rufe gidajensu su tafi Sifaniya ko Gambiya, sai bazara su dawo. Kowa yana ce mana mu tafi gida Kano, amma watannin sun yi daidai da hunturu, ita kuma uwargida tana fama da fuka, har zuwanmu na ƙarshe ƙura ta kwantar da ita mako biyu. Saboda haka bakin teku muke nema, inda akwai ɗumi da masallaci da abincin halal. Ina da fasfon Birtaniya da na Najeriya, ita kuwa na Najeriya kaɗai gare ta, tare da izinin zama na dindindin. Wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka da shawara.

Hajiya daga Leeds ta amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a hutu. Mun yi sanyi biyu a Fuengirola, kusa da Malaga a kudancin Sifaniya, kuma abin da hotunan talla ba sa nunawa shi ne gidajen can an gina su ne domin zafi. Da rana a Janairu za ka samu kamar digiri 17, ka zauna a baranda ka ji daɗi, amma da dare yakan sauka ƙasa da 10, ga daɓen tayil, ga gidajen haya da yawa babu na'urar ɗumama ɗaki. Ni da na gudo daga sanyi sai ga ni ina kwana da safa. Ta fuskar addini ba mu sha wahala ba, domin akwai babban masallaci a Fuengirola, akwai wani a Marbella, mahautan Maroko kuma suna ko'ina.

Matsalarku ta fi ƙarfi a takardu. Tun da Birtaniya ta gama ficewa daga Tarayyar Turai a ƙarshen 2020, mai fasfon Birtaniya kwana 90 kaɗai yake da shi a cikin kowane kwana 180 a ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suka ɗage binciken iyaka a tsakaninsu, har da Sifaniya, kuma lissafin ya haɗa dukansu, ba za ka tsallaka Fotugal ka sake sabon ƙidaya ba. Uwargida kuwa sai ta nemi biza, domin izinin zama a Birtaniya ba ya shigar da ita Sifaniya. Tsibiran Kanari na Sifaniya sun fi Malaga ɗumi, amma su ma ƙurar Sahara takan rufe su wani lokaci, abin da suke kira kalima, wadda ƙanwar hunturunmu ce.

Malam daga Landan ya amsa:

Ranka ya daɗe, in ni ne kai ba zan wahalar da uwargida da layin biza ba alhali ga Gambiya. Ƙasar ECOWAS ce, don haka fasfon Najeriya ya ishe ku shiga ku biyu. Daga Landan zuwa Banjul kamar awa shida ne a jirgi, kuma a lokacin sanyi agogon ƙasashen biyu ɗaya ne, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai shan magani a kan lokaci da mai son kiran jikoki bayan sun taso daga makaranta. Daga Nuwamba zuwa Mayu rani ne, babu ruwan sama, zafin rana a bakin teku yana kai digiri 30, dare kuma da sanyi mai daɗi.

Shekara huɗu ke nan ina zuwa. Turawan Ingila da Holan da Suwidin sun fi taruwa a Kololi da Kotu, inda otal-otal da gidajen rawa suke, kuma ba na ba dattijo shawarar kama gida a tsakiyar wannan hayaniya, musamman ga samarin bakin ruwa masu bin baƙo da tayin rakiya. Ka nemi haya a Fajara ko Bakau ko Bijilo, cikin unguwar mutane, inda kiran sallah zai tashe ka da asuba, ka taka zuwa masallaci da ƙafarka. Mafi yawan mutanen ƙasar Musulmi ne, harshen hukuma kuma Ingilishi. Abincinsu ba baƙo ba ne a bakin Bahaushe: domoda miyar gyaɗa ce da shinkafa, benachin kuma dafa-duka ce, kifi kuwa a Tanji ana saye daga kwale-kwale yana motsi. Wani abin da ya kamata a sa a lissafi shi ne a waɗannan shekarun azumi yana faɗowa a Fabrairu, yana kuma matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, kuma buɗa-baki cikin jama'a ya fi na mutum biyu a ɗakin haya a Turai. Gaskiya ita ce hunturu yana isa Gambiya, sai dai iskar teku tana rage masa kaifi, bai kai na Kano ba. Wuta kuma ana ɗaukewa, don haka a tambayi mai gida ko yana da janareta ko sola kafin a biya.

Ma'aikaciyar jinya daga Manchester ta amsa:

Baba, barka da hutawa. Ban musa abin da Malam ya faɗa ba, amma ya bar abin da ya fi muhimmanci. Akwai zazzaɓin cizon sauro a Gambiya, kuma wanda ya daɗe a Turai garkuwar da ya taso da ita ta riga ta yi rauni. Marasa lafiyar da muke gani da wannan cuta a nan galibi 'yan Afirka ne da suka je ziyara ba su sha maganin rigakafi ba, suna ganin sun saba. Ku ga likita makonni kafin tafiya, ku kuma kwana a gidan sauro. Sannan mai fuka tana bukatar sanin asibitin da za a kai ta cikin dare. Babban asibitin koyarwa yana Banjul, amma idan ciwo ya yi tsanani akan wuce da mutum Dakar ko a mayar da shi Turai, kuma inshorar tafiya ce kaɗai za ta ɗauki wannan nauyi. Katin GHIC, wato katin lafiya da Birtaniya ke ba masu tafiya Turai, ba ya aiki a Gambiya, ko a Sifaniya ma asibitin gwamnati yake biya, ban da jirgin dawo da mara lafiya. Lokacin cika takardar inshora a faɗi fukar da ciwon gwiwar da duk wani magani da ake sha, domin wani kawuna ya ɓoye hawan jininsa don kuɗin ya ragu, da ya kwanta kamfanin ya ƙi biyan ko sisi.

Likitocin unguwa a nan ba su cika rubuta maganin da ya wuce na wata uku ba, kuma ya kamata a riƙe shi a jakar hannu. Fanshon gwamnati zai ci gaba da shiga asusunka, amma in kana karɓar tallafin Pension Credit, wanda ake ba masu fansho masu ƙaramin ƙarfi, yakan tsaya idan tafiya ta wuce mako huɗu. A duba inshorar gidan Birmingham ma, domin yawancinsu suna da sharaɗi a kan gidan da aka bari babu kowa fiye da kwana 30 ko 60, bututun ruwa kuma sanyi yana fasa shi.

Dattijo daga Birmingham ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa uwargida duka, kuma maganar safar Hajiya ta fi maganar biza kore mata Sifaniya. Mun tsayar da cewa bana za mu gwada Gambiya mako shida kawai, daga tsakiyar Janairu, bayan ta ga likitanta, da tikitin da za a iya sauya ranarsa in ƙirjinta bai karɓi iskar ba. Malam, tsakanin Fajara da Bijilo wanne ya fi kusa da asibiti, kuma ana biyan hayar da dalasi ne ko masu gidajen sun fi son fam?