Musayar waƙa: Tudun Hickstead

Mai Likkafa:
Salamu alaikum. Yau gasar tsallaken dawaki ta Hickstead Derby na kawo, wadda ake yi duk shekara a Ingila. Ƙwar huɗu, amsa-amo "ba".

Bismillahi na ɗaura sirdina,
Na taka likkafar baitocina,
Hickstead na nufa da dokina,
Ban tsaya kiwo a hanya ba.

A Sussex ta Ingila filin yake,
Douglas Bunn ya saya ya share,
A 1960 ya sa aka buɗe,
Bai jira gwamnati ta gina ba.

Ya je Hamburg ta Jamus yin awo,
Tudun gasarsu ya auna ya dawo,
Ya ɗora inci 6 a kan tsawo,
Bai yarda Jamus ta fi shi ba.

Ƙafa 10 da inci 6 za ka sauko,
Doki ya leƙa, gabansa ya tsinko,
Taku biyu, ga shinge ya taso,
Ba wurin rago ba ne, ba wasa ba.

Ɗan Barga:
Malam, ka yi gini ka yi tsayawa,
Ka bar mu ba labarin masu hawa,
A 1961 aka soma karawa,
Kuma ba ɗan gida ne ya ci ba.

Baƙo ne daga Ireland ya zo,
Seamus Hayes, mahayi mai ƙwazo,
Dokinsa Goodbye shi ma gwarzo,
Ko sanda ɗaya ba su kayar ba.

Amma sarkin fage Boomerang ne,
Eddie Macken a kansa, gwani ne,
1976 har 1979 nasu ne,
Huɗu a jere, ba su faɗi ba.

Kofin da ake bayarwa yanzu ma da sunan dokin ake kiransa. Mai ja ya fito.

Uwar Goɗiya:
Ƙanena, idonka na kan ingarma,
Stroller kuru ne, ba shi da girma,
A 1967 ya shiga fama,
Manyan ba su ga ƙurarsa ba.

Marion Coakes ce ta hau shi,
Meziko a 1968 ta kai shi,
Azurfar Olamfik ta ci da shi,
Wani kuru bai taɓa yin haka ba.

Kuma tun 1962 mace ta ci gasar, Pat Smythe. Kun tsallake ta kamar shinge.

Sarkin Zamiya:
Ku bar yabo haka, ku zo ga dariya,
Harvey Smith ɗan Yorkshire, gwanin tsiya.
Ya ci a 1970, ya bar kofin a gida can baya,
Wai zai sake ci, me zai sa ya sha wuya?
1971 bisa Mattie Brown ya cika, gaskiya,
Ya ɗaga yatsu biyu wajen alƙalai a idon duniya.
Daƙuwar Ingila ke nan, aka ƙwace nasarar gaba ɗaya,
Ya ce alamar nasara ce, aka mayar masa daga baya.

Mai Likkafa:
Sarkin Zamiya, ka zame. "Ba" muka ce, ka kawo mana "ya". An rubuta maka laifi 4, kamar wanda ya kayar da sanda.

Baba Mai Akawal:
Yara, ku matsa tsoho ya shigo,
Nelson Pessoa na Barazil ne jigo,
Ya ci 1963 da 1965, ya yi zango,
Jama'a ba su zaci zai kuma ba.

A 1996, yana da shekara 60,
Ya dawo ya tarar da filin,
Shinge 16, tudun da ramin,
Kwarin Shaiɗan bai gushe ba.

(Kwarin Shaiɗan, wato Devil's Dyke, wani jerin shingaye ne mai wuyar tsallakewa a filin.)

Bisa Vivaldi ya sake cinyewa,
Furfura ba ta hana shi hayewa,
Mita 1,195 tun daga farawa,
Tsarin bai yi sauyin kirki ba.

Ɗan Barga:
Baba, na rusuna. Amma Hajiya, tunda hanyar ɗaya ce, sai a ƙirga:

Kurunki sau ɗaya ya sha kofi,
Nawa sau huɗu, wa ya fi?
Ki kawo doki, ko ki yi shiru a gefi,
Ban ga na biyun Boomerang ba.

Uwar Goɗiya:
"Gefi"? Ka karya kalma don ka tsira, yaro.

Goɗiya ce zan kawo maka,
Corrada, ka rubuta a allonka,
2001 zuwa 2003, uku a gabanka,
Peter Charles bai sauya ta ba.