Shin kamfanin intanet ne yake shaƙe BitTorrent da daddare?

Mazaunin Agege:
Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da muka ja wayar faiba zuwa gidanmu a Agege da ke Legas, kuma muna biyan kuɗin tsarin da kamfanin ya kira mara iyaka. YouTube da kiran bidiyo na WhatsApp suna tafiya lafiya lau, amma duk lokacin da na buɗe qBittorrent, wato manhajar BitTorrent mai sauke fayil gutsure-gutsure daga kwamfutocin wasu mutane, domin in sauke Ubuntu, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da nake sa wa kwamfutocin da nake gyarawa, daga bayan magariba har tsakar dare sai gudun ya koma kamar ɗigon famfo. Da asuba kuwa fayil ɗin yakan sauka kafin in gama shan shayi. Kamfanin ne yake gane abin da nake yi ya rage mini gudu da gangan, ko kuwa matsalar daga wurina take?

Injiniya daga Ikeja:
Wa alaikumus salam, Malam. Kamfani yana iya yin hakan, kuma an taɓa kama wani da aikata shi. A 2007 aka gano cewa kamfanin intanet na Comcast a Amurka yana aika saƙonnin bogi da ke yanke haɗin masu amfani da BitTorrent, hukumar sadarwar ƙasar ta umarce shi da ya daina a 2008, sannan a 2010 kotu ta ce hukumar ba ta da hurumin yin hakan. A da can ƙofofin sadarwa (port) masu lamba 6881 zuwa 6889 kawai ake toshewa, domin ta nan manhajar ta saba bi. Da manhajojin suka fara sauya ƙofa, sai kamfanoni suka koma amfani da na'urorin da ke leƙa cikin ƙunshin bayanai, ko su gane mutum ta ɗabi'arsa, tunda babu wani aiki na gida da ke buɗe haɗi da ɗaruruwan kwamfutoci a lokaci guda yana kuma ɗora kaya ba ƙaƙƙautawa.

Dalilinsu na kuɗi ne. Layin da aka sayar maka ba naka ba ne kai kaɗai, gidaje da yawa ne ke rabon bututu ɗaya, bisa lissafin cewa ba za ku cika shi gaba ɗaya a lokaci guda ba. Bidiyon YouTube da aka fi kallo yawanci yana ajiye a na'urorin Google da ke kusa da mu, shi ya sa yake zuwa da sauri da araha. Mutanen da kake karɓar gutsattsarin Ubuntu daga wurinsu kuwa galibi suna Turai da Amurka, don haka kayanka sai ya bi wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, ko Equiano da ya iso Legas a 2022, kuma wannan hanyar ce kamfanin yake biya da tsada. Ka gwada da VPN, wato manhajar da ke ɓoye wa kamfanin irin bayanan da kake turawa da karɓa, da ƙarfe tara na dare. Idan gudun ya dawo nan take, to ware maka BitTorrent ake yi; idan bai sauya ba, cunkoso ne kawai.

Mai shago a Alaba Rago:
Injiniya ya yi bayani, amma ina ganin kada a yi saurin ɗora wa kamfani laifi. Malam, ka shiga shafin rautarka, wato na'urar da ke raba intanet a gidan, ka dubi adireshin IP, lambar da ake gane ta da ita a intanet, da aka ba ta. Idan ya fara da lamba tsakanin 100.64 da 100.127, to kai da wasu masu yawa kuke rabon adireshi ɗaya na waje, saboda irin waɗannan adiresoshi na tsarin IPv4, waɗanda ba su wuce biliyan 4.3 ba, sun yi ƙaranci. A wannan hali babu wanda zai iya ƙwanƙwasa ƙofarka daga waje, kai kaɗai ne za ka riƙa neman mutane, shi ya sa abokan musayarka suke raguwa.

Hajiya ta Idi-Araba:
Ni abin da ya faru a gidana daban ne. Ɗana yakan bar manhajar tana ɗora kaya ba tare da iyaka ba, sai hanyar fita ta cika, har saƙonnin tabbatar da isowar kaya su rasa wurin wucewa, sauke fayil ɗin ma ya tsaya, kowa a gidan ya shiga ƙorafi. Da ya rage gudun ɗorawa zuwa kusan kashi 70 cikin 100 na abin da layin ke iya ɗauka, sai komai ya daidaita. Ka kuma karanta takardar yarjejeniyarka da kyau, domin kalmar mara iyaka sau da yawa tana tare da sharaɗin rage gudu bayan an wuce wani adadin data. Idan an ɓoye maka sharaɗin kuma kamfanin ya ƙi sauraronka, hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, tana karɓar ƙorafi ta lamba 622.

Mazaunin Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba rautar, adireshin ya fara da 100.72, don haka maganar mai shago ta tabbata. Gwajin VPN sai anjima da daddare, idan an bar mana wuta.