Neman shawara: kamun kifin tirawut a ƙoramar kan dutse

Ɗan Maiurno:
Salamu alaikum 'yan uwa. Aikin tuƙi zai kai ni Dinsho, a tsaunukan Bale na Habasha. An ce ƙoramun wurin akwai kifin ruwan sanyi da ake kira tirawut. Ni a Shuɗin Nilu na Sudan na tashi, birgi da mamari na sani, sai karfasa da tarwaɗa. In tafi da birgina ne, ko yaya ake yi?

Baffa daga Damazin:
Wa alaikumus salam. Ɗana, bar birgi a gida. Ƙoramar da za ka tsallake da taku uku, ina za ka watsa shi? Duwatsu su yayyaga maka a banza. Fatsa za ka nema.

Wani daga Sinnar:
Gaskiyar Baffa. Na yi zama a Kenya, can na koya. Kifin ba ɗan asalin Habasha ba ne, daga Kenya aka kai shi rafin Danka da Web na yankin Dinsho wajen ƙarshen shekarun 1960. Ruwa ya haura digiri 20 sai ya fara galabaita, shi ya sa ba ka taɓa ganinsa a dam ɗin Rusairis ba.

Abin da zai ba ka wahala shi ne idonsa. Ruwanmu jawur ne, ka tsaya a kan tarwaɗa ba ta sani ba. Can kuwa garau yake, har tsakuwar ƙasa kana gani, inuwarka na faɗawa ya ɓace. Kullum kansa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, yana jiran ƙwari. To ka ɓullo masa ta baya, daga ƙasa kana haurawa, a duƙe, ba farar jallabiya. Zare siriri, ƙugiya ƙarama. Jefa gaba da shi kaɗan, ka bar ruwa ya kawo masa. Bayan babban dutse, inda kumfa ke juyawa, nan yake laɓewa.

Ɗan Maiurno:
Na gode Yaya. In na sa tana a ƙugiya za ta yi?

Wani daga Sinnar:
Tana da fara duk yana ci, amma wasu wuraren ƙudan roba, wato ƙugiya mai siffar ƙwaro, kawai aka yarda. Hedikwatar gandun dajin Bale a Dinsho take, je ka tambayi batun izini kafin ka jiƙa zare.

Hajiya daga Gadarif:
Ku kuna ta kifi. Wurin ya haura mita 3,000, ƙanena, raɓa har ƙanƙara take zama da asuba. Sayi rigar sanyi mai kauri da safa tun daga Adis Ababa.