Karyar da na zana ake so a ba ni, ga ni a gidan haya

Mai Zane Dadin Kowa: Salamu alaikum, ina neman shawara. Sana'ata zane, yawancin aikina yanzu daga unguwar Rayfield a Jos yake zuwa, na karnuka da kyanwoyi. Akwai wata mata da na zana wa karnukanta, duka a titi ta tsince su ta yi jinya. Ɗaya daga ciki, ja mai yagaggen kunne, duk zuwana sai ta ɗora haɓarta a kan ƙafata har in gama aiki. Matar ta ce in ina so in ɗauka, an yi wa karyar allurar rigakafin haukar kare. Wallahi ta shiga raina. Amma haya nake, tsakar gida ɗaya da iyali huɗu. Babbar karya tana sabawa da sabon gida kuwa?

Sadiq Bukuru: Ka fara kai kwikwiyon cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom. Yana wata uku ake yi masa allurar hauka, sannan duk shekara a sabunta.

Mai Zane Dadin Kowa: Ba kwikwiyo ba ce Yaya, ta girma.

Maman Hanif: Namu a bakin kwata yara suka tsinto shi, duk ƙazuwa, kaska har cikin kunne. Yau shi ke raka Hanif bakin titi ya jira Keke. Tun zuwansa ba a sake ɗaukar mana kaza ba. Ka karɓa, akwai lada.

Baba Garba: Yaro, ka ji tawa. Na riƙi wani da mota ta karya wa ƙafa a Bauchi Road, ni na kai shi aka ɗaure. Shekara biyar yana gadin garejina, ko tuwo zan ci sai na gutsura masa. Wata asuba na fito, sarƙa a yanke, ga guntun nama a ƙasa. Har kasuwar karnuka ta Dawaki a Kanke na je, ina leƙa keji ɗaya bayan ɗaya ina kiran sunansa. Karnuka cunkushe, wasu ko haushi ba sa iyawa. Ban gan shi ba. Na rantse ba zan ƙara ba.

Maman Hanif: Allah sarki Baba. Allah ya isar maka.

Baba Garba: Ko hotonsa ba ni da shi. Mai Zane, in na kwatanta maka za ka iya? Nawa ne?

Sadiq Bukuru: Dubu goma sha biyar aka yi wa ogana.

Ummi Rikkos: Sha biyar? Ko kuɗin fenti bai kai ba. A Abuja dubu tamanin ƙawata ta biya, ban da firam.

Ɗan Terminus: Ni da nake mutum ba a taɓa zana ni ba, kare ya riga ni shiga firam 😂

Malam Auwal: Ku dai kula. Hadisi ya yi rangwame ne ga karen farauta, kiwo da gona, malamai suka haɗa da gadi. Zanen mai rai ma akwai magana a kai.

Ummi Rikkos: Malam, ai gadin za ta yi. Kuma hadisin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare fa? Wanda ya taɓa riƙewa shi zai ba da shawara.

Malam Auwal: Hajiya, ban ce a wulaƙanta dabba ba. Amma gidan da ake alwala a tsakar gida, sai ya nemi yardar maƙwabta da mai gida.

Baba Garba: Ni na riƙe, na ce kar ya karɓa. Duk wata ina biyan kuɗin 'yan sintiri, daren da aka sace shi babu wanda ya ji komai.

Sadiq Bukuru: Mu an ƙara mana zuwa dubu biyu, amma ƙarfe ɗaya sun yi barci.

Ɗan Terminus: Dubu biyu? Mu dubu uku muke biya, kuma an kwance min batirin mota a ƙofar gida. Wa ke riƙe da kuɗin a layinku?