Neman shawara: lokutan aikatau na Turanci sun ɗaure min kai

Uwar Biyu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Na yi rajistar jarrabawar WAEC ta 'yan waje bayan na daɗe rabona da aji, kuma Turanci ne ke neman kayar da ni. An ba ni jadawali mai lokuta 12 aka ce in haddace. Na haddace shi da "walk", amma da an canza min aikatau sai in rikice. Jiya na rubuta "She did not cooked", mai yi min darasi ya ja jan biro a kai, bai ce min komai ba. To ai girkin ya wuce, me zai hana a sa "ed"? Sannan mene ne bambancin "I finished" da "I have finished"? Don Allah a taimaka.

Malamin Sakandare: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ajiye jadawalin nan tukuna. Aikatau mai bin ƙa'ida siffa 4 kacal gare shi: cook, cooks, cooked, cooking. Duk lokutan nan 12 da waɗannan ake gina su, abin da ke sauyawa shi ne ɗan mataimakin da ke zuwa kafin aikatau, wato do, be, have da will. Dubi Hausarki: na dafa, zan dafa, nakan dafa. "Dafa" bai motsa ba, kalmar da ke gabansa ce ta nuna lokaci. To haka "did" yake. Shi ya riga ya nuna abin ya wuce, don haka aikatau ya koma yadda yake: "She did not cook", "Did she cook?" Haka ma "does" yake kwashe "s": "She cooks", amma "She does not cook". Bayan will, can, must da should ma ba a ƙara wa aikatau komai. Bayan have, has ko had sai mai "ed". Bayan is, are, was da 'yan uwansu kuma ki lura: "She was cooking" ita ce ke girki, "The rice was cooked" shinkafar aka dafa.

Tambayarki ta biyu kusan kowane Bahaushe tana ba shi wahala, domin "na gama" ɗaya muke da ita a inda su suke da biyu. Idan kin ambaci lokacin da abin ya faru, kamar yesterday, last week ko in 2019, to "I finished". Idan ba ki ambata ba, abin da ya dame ki shi ne yanzu aikin a game yake, to "I have finished". "I have finished yesterday" kuskure ne, kuma masu tsara tambayoyi suna son sa shi cikin zaɓi.

Ɗan Kasuwa: Ni fa a ganina duk wannan wahalar da kai ne. Hajiya ki riƙa sauraron labarai da Turanci kullum, kunne zai saba. Mu da haka muka iya.

Anti Mai Firamare: Alhaji, sauraro yana da amfani, amma kunne ba ya koya wa mutum rubuta "stopped" da "p" biyu, kuma maki a takarda ake bayarwa. 'Yar uwa, ga inda yara ke faɗuwa. Mai ƙarewa da "e", "d" kawai: love, loved. Mai ƙarewa da baƙi sannan "y", sai "y" ta koma "i": carry, carried. Idan wasali ne kafin "y" a bar ta: play, played. Gajeren aikatau mai wasali ɗaya da baƙi ɗaya a ƙarshe ana ninka baƙin: plan, planned. In kin manta kika rubuta "planed" kin koma kan fere katako. Mai gaɓa biyu sai an duba inda nauyin murya ya faɗa: prefer, preferred, amma visit, visited. "Travelled" kuwa rubutun Ingila ne, Amurka "traveled" suke rubutawa. Mu na Ingila muke koyarwa, ki tsaya a kansa.

Ɗalibin Jami'a: Anti ta gama magana. Abu ɗaya zan ƙara saboda takardar furuci. "Ed" ɗin nan kala 3 ake faɗarsa. A walked da stopped "t" ake ji, a played da cleaned "d", sai a wanted da needed ne kawai yake zama gaɓa mai zaman kanta, saboda sun ƙare da "t" ko "d". Kada ki ce "wokid".

Uwar Biyu: Allah ya saka da alheri, wallahi kaina ya fara warwarewa. Amma Malam, na ga "I suggest that he attend the meeting" a tsofaffin tambayoyi. Ba "attends" ya kamata ba tunda "he" ne? Ga kuma gwajina: "If it rained, we will stay at home."

Malamin Sakandare: Daidai suka rubuta. Bayan suggest, insist, demand da recommend ba labari ake bayarwa ba, so ake a yi abin, kamar yadda za ki ce "na ba da shawarar ya halarta". A nan aikatau ba ya ɗaukar "s", kamar dai a umarni: "Attend the meeting." Za ki kuma ga "should attend", shi ma daidai ne. Jimlarki kuwa kin haɗa biyu ne. Idan ana sa ran ruwan, "If it rains, we will stay". Idan zato ne kawai, "If it rained, we would stay". Idan damar ta wuce, "If it had rained, we would have stayed", wato da an yi ruwa da mun zauna. Ki ɗauki "carry", "plan" da "visit", ki yi wa kowanne jimlar korewa, ta tambaya da ta "if", ki turo nan da daddare in duba.

Uwar Biyu: To Malam, in yara sun yi barci zan turo in sha Allahu.