Taimako: yadda ake zanen sauyin tukwane a Excel

'Yar Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman taimako, aikin kammala karatu na nike kai kuma ya tsaya min. Mun yi haƙa a wani kufai can gefen gulbin Rima, rami guda, hawa shida na ƙasa, na ƙirga tsingaron da munka samu na kasa shi huɗu: mai zanen igiya, mai zanen mataji, mai jan shafe, sai wanda ba ado. Malamina ya ce in kawo zanen nan da ke nuna yadda kowane iri ke farawa siriri ya yi ciki ya sake tsukewa, wai kamar jirgin yaƙi na ruwa in an hango shi daga sama. Na duba Excel kaf ban ga irin shi ba, wanda na yi duk sandunan sun jingina hagu. Mi zan yi? Ranar Litinin zan kai.

Basakkwace:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Excel bai da shi, dabara ake yi mai. Amma kafin zane, kin maida lissafin ki kaso cikin ɗari? Nan mutane ke faɗuwa. Kowane hawa shi ne ɗari, ba kowane irin tukunya ba. In jimillar hawan na gidan F2 ki rubuta =B2/$F2*100 ki ja shi, kar ki mance alamar dalar nan in ba haka ba in kin ja gefe lissafin zamewa zai yi.

To sai dabarar. Kowane iri ki ba shi layin tsaye ukku: fanko, adadin, fanko. Fankon shi ne (100 a cire adadin) a raba biyu, misali mai zanen igiya na da 30, kin ga 35, 30, 35 ke nan. Ki zaɓi Stacked Bar, ki danna sandunan fankon ɗaya bayan ɗaya ki sa musu No Fill su ɓace, sai na tsakiya su rage a tsaye tsakiyar filin su. Gap Width ki rage shi sosai. Abu guda da ya taɓa ba ni kunya gaban malamai, Excel layin kwance na farko shi yake kaiwa ƙasan zanen, sai hawan sama ya koma gindin rami, tarihin ya juye. Ki shiga saitin gefen ki danna Categories in reverse order.

Mai Tsohuwar HP:
Ni wallahi wannan hanyar ta yi min tsawo, iri huɗu layi goma sha biyu fa. Ki rubuta =REPT("|",B2) ki sa rubutun tsakiya, ki ƙanƙanta shi, shi ke nan sanda ta fito cikin gidan, ko a waya yana yi in ba wuta.

Basakkwace:
Yana yi, amma 12.6 zai yanke ta koma 12, sai an haɗa da ROUND. Kuma in an kai shagon buga takarda aka samu kwamfutar su ba ta da irin rubutun, sai ya wargaje.

Malam na Kofar Rini:
Duka biyun sun yi. Tambaya ta dai, tsingaro nawa ke kowane hawa? In hawan ƙasa guda 10 ne kacal, ƙwara ɗaya ta zama kaso 10, tukunya guda ta fashe gida biyar sai ki ga sanda ta kumbura kamar wani sauyi anka yi alhali tulu ne ya faɗi hannun wata. Ki rubuta jimillar kowane hawa a gefen zanen kowa ya gani, kuma gutsattsarin da sunka haɗu da juna ki ƙirga su ɗaya. Sannan shi zanen, jeri kawai yake nunawa, wanne ya riga wanne, ba ya ba da shekara. Flinders Petrie da ya fara irin wannan jeri a Masar a 1899, kaburbura wajen 900 ya tsara da 'yan sillayen kwali, shi ma jerin ya samu. Kar ki rubuta zamanin Kanta ko Surame a gefe sai in kina da gwajin gawayi, wato awon da ke nuna shekarun gawayin da anka haƙo.

'Yar Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Malam hawa na shida 14 ne kawai, na biyar 22. In haɗe su ko in bar su?

Malam na Kofar Rini:
In launin ƙasar su da laushin ta ɗaya ne a littafin ki na fili, haɗe su ki faɗi kin haɗe. In akwai toka ko daɓe tsakani, bar su haka.