Idan kaya suka lalace a baje koli, wa ke biya?

Mai Turare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu zuwa baje kolin Kaduna da na Kano, ina neman haske. Idan aka sauke kaya aka tarar gilashin shokes, wato akwatin nuna kaya, ya tsage, ko bangon rumfa ya ɓaci, asarar a wuyan wa take? Mai mota, masu shirya taron, ko mai rumfa?

Ɗan Tasha:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ya danganta da inda ɓarnar ta faru, kuma hujja ce ke raba gardama. Kafin lodi a ɗauki hoton kowane akwati gefe huɗu. Wurin saukewa kada a sa hannu a webil, wato takardar shaidar karɓar kaya, sai an buɗe an duba. In akwai tsaga, a rubuta ta a jikin takardar, direba ya sa hannu a ƙasa. Duk webil ɗin da aka sa wa hannu ba ƙorafi, galibi mai mota ya wanke kansa. Gilashi da talabijin kuwa a tsaye ake loda su, da soso a tsakani. In an kwantar da su tsakiyar ba ta da matokari, ramin hanya ɗaya ya isa.

Hajiya Mai Inshora:
Ƙarin bayani, Alhaji. Inshorar kaya a hanya galibi tana ƙarewa ne da zarar an sauke, kwanakin baje kolin sai an nemi a ƙara su daban. A karanta fom ɗin kama rumfa, yawanci masu shiryawa sun rubuta cewa ba su ɗauki alhakin kayan kowa ba. Duk da haka a kai rahoto a rubuce ofishinsu a ranar, a karɓi kwafi mai hatimi. Kada a zubar da abin da ya fashe sai jami'in inshora ya gani. In sata ce, sai da rahoton 'yan sanda.

Baba Kafinta:
Allunan bango na haya ne, ƙusa ko fenti ko salatif mai gam fuska biyu duk tara ce a kan mai rumfa. A rataya fosta da ƙugiya daga ƙarfen sama. A duba allunan ranar karɓa, in ba haka ba tabon wani ya zama naka. Kanofi a fili, kowace ƙafa a ɗaure mata buhun yashi mai kilo 25, don iska daga ƙasa take ɗaga shi. Talabijin da firji kuma kada su sha wutar janareta kai tsaye, a bi ta sitabilaiza.